Fis a Aljihu

Ranar da muka hau silin gidan Inna Wuro a Jekadafari,
rana ta riga mu hawa.
Kwanon rufi na huci kamar tandar masa,
ni a ƙasa riƙe da tsani, Oga Lamela a sama,
guminsa na ɗigo mini a goshi.

Na ce, Oga, ai tun asuba babu wuta,
me kuma za mu kashe?
Bai amsa ba. Ya sauko taka ɗaya ɗaya,
ya je gindin mita, ya zare fis,
ya jefa a aljihun gaba, ya ɓalla maɓalli.
Sannan ya ce, Giɗaɗo,
wutar da ta tafi ba mutuwa ta yi ba, unguwa ta je,
kuma in za ta dawo ba ta sallama.

Muka ɗaga naɗin tagullar mu biyu,
abu kamar haƙarƙarin rago, siraran fikafikai a jere,
kaifinsu ya fi na reza.
Safar hannuna ta sha yanka a madadina.
A kwance ake sa shi, bisa gefensa, kamar mai jinya,
da kibiya a jiki mai nuna inda iska za ta bi.
Na juya shi baibai.
Ya ce, karanta kibiya,
iska ba ta san kai sabon yaro ba ne.

Faranti a ƙarƙashi,
wani farantin kuma a ƙarƙashin farantin,
don sanyi ma gumi yake yi.
Ya ɗora ma'auni, ya ƙura wa ƙwayar kumfar ido
har ta ɗan kauce daga tsakiya,
kaɗan, kamar karin hular mai jin daɗi.
Ruwa ba ya jin magiya, in ji shi, gangare ya sani.
Ka hana shi hanya ya nemi tasa
ta tsakiyar silin, daidai kan gadon mai gida.

Kafin ya kunna wutar walda
na jiƙa tsumma na naɗe wuyan bawul,
bokitin yashi a dama, na ruwa a hagu,
don katakon rufin ya bushe tun ban san kaina ba.
Ƙarfen liƙi ya narke, ya zagaye gaɓa kamar zobe.
Muka matsa iska a bututu,
na bi gaɓoɓi da kumfar sabulu.
Ɗaya ta buɗe ido, ƙarami, tana kallonmu.
Sake, ya ce. Muka sake.

La'asar sakaliya,
jar waya tsirara tsakanin yatsuna,
sai yaran layi suka kece da ihu: Nepa!
Fankar maƙwabta ta soma juyi,
rediyon mai shayi ya ci gaba daga inda ya tsaya.
Na dubi hannuna.
Wayar shiru, kamar igiyar shanya.
Oga bai waiwayo ba.
Aljihunsa kawai ya dafa.

Na tuttula buta guda a faranti don gwaji.
Daga bayan ɗaki Inna Wuro ta ɗaga murya,
ga shi nan ya fito, yana shayar mini da zogale!
Aka mayar da fis.
Iska ta sauko a hankali, ta taɓa labule,
tsohuwa ta cire tabarau ta rufe ido.
In sanyi ya kama, Inna, shi ne dai zai juya ya ba ki ɗumi.
Ta ce, ashe munafuki kuka kwantar mini a rufi.

A mashin, mun wuce Tashan Dukku,
iska na kwashe rabin maganarsa, ya ce,
Yila ne ya koya mini zancen fis.
Na ce, wane Yila?
Abokin aikina. A Kumo, kan tsani, ranar wata Laraba.
Ba da baki ya koya mini ba.

Ban sake tambaya ba.
Na ƙara riƙe jakar kaya,
ina jin jakai da sukurdireba na bugun juna a ciki
duk ramin da muka faɗa.